Giyar Da Ta Mutu A Hannunka, Kada Ka Binne Ta A Aljihun Ɗan'uwanka



Mun san wannan rubutu zai ɓata wa wasu rai. A zaman kwamiti na makon jiya ma akwai dattawan da suka ce a bar kaza cikin gashinta, a sasanta a ɗaki kamar yadda aka saba. To, daga ƙaramar Sallah zuwa yau sau uku muna sasantawa a ɗaki, kuma duk ukun magana ɗaya ce. Ɗan ƙungiya ya sayar wa ɗan ƙungiya mota mai giyar otomatik, ya san giyar ta gama yawo, ya ja bakinsa ya yi shiru, ya karɓi kuɗi. Sasancin ɗaki bai hana na biyu ba, bai hana na uku ba. Shi ya sa muka fito da maganar fili.

Na ƙarshen shi ya fi tsaya mana a rai. Ba za mu kama suna ba. Matashi ne da ya yi shekaru yana acaba tsakanin Ikeja da Surulere, har gwamnatin Legas ta hana babura a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022. Ya koma Keke Napep na haya, ya shiga adashi, mahaifinsa ya sayar da shanun noma guda biyu ya cika masa, don ya sayi mota ya riƙa aikin Bolt. Ya samu Camry wadda ake ce wa Muscle a hannun wani babba daga cikinmu, mutumin da yake gaisarwa a durƙushe. Gwajin da aka yi bai wuce minti goma ba: an fita daga Agege, an hau gadar Pen Cinema, an juyo. Mota lafiya lau. Aka biya, aka yi addu'a.

Bayan mako biyu ya ɗauki matarsa da yara uku zai kai su gida, ya nuna wa tsoho abin da shanunsa suka zama. Tun daga Ogbomoso mota ta fara wani abu, in ya taka totur sai inji ya yi ta ƙugi amma gudun bai ƙaru ba. Ya wuce Ilorin a daddafe. Tsakanin Jebba da Mokwa, rana ta kusa faɗuwa, ta tsaya cak. Inji yana aiki, giya tana kan D, mota ba ta motsi. Duk wanda ya san wannan hanya ya san ba wurin da mutum zai so ya kwana da iyali ba ne. Wani direban tirela ne ya tausaya ya ɗauki matar da yaran zuwa Mokwa, shi kuma ya kwana a gindin mota, washegari aka samo janwe.

Da makanike ya kwance farantin ƙasan giyar, man da ya zubo baƙi ne wuluk, yana warin ƙauri, ga kauri kamar an dama shi da wani abu. Maganaɗisun da ke cikin farantin ya cika da garin ƙarfe. Da aka buɗe allon gaban direba kuma, sai ga fitilar gargaɗin inji an liƙe ta da baƙin salatif ta ciki.

Mun kira mai sayarwar. Ga abin da ya ce a gaban kwamiti: "Sakatare, ai ya gwada da kansa. Mota kuma sa'a ce. Giyar otomatik ba ta sallama, yau tana lafiya gobe ta mutu."

Wannan magana ta ƙarshe ita muke so mu tsaya a kanta, domin da ita ake fakewa, kuma ba gaskiya ba ce. Giyar otomatik tana sallama. Tana yin watanni tana sallama, mai ita ne yake toshe kunne.

Bari mu faɗi yadda take aiki a taƙaice, ga waɗanda manuwal kawai suka sani. A manuwal ƙafarka ce take taka kuloci, hannunka ya canja giya. A otomatik mai ne yake yin wannan aikin duka. Tsakanin inji da giya akwai wani kwano mai nauyi da makanikai ke kira kwanbata, wanda yake miƙa ƙarfin inji ta hanyar juya mai. A cikin giyar kuma akwai famfo da yake tura man da ƙarfi, ya bi ta wasu ƙananan hanyoyi da bawul-bawul, ya je ya matse wasu faifai sirara da ake ce wa faiba. Matsewar faiban nan ita ce shigar giya. Man dai shi ne yake matsewa, shi yake sa santsi, shi yake kwashe zafi. In man ya tsufa ko ya ƙone, ko faiban sun cinye, ko robobin ciki sun bushe sun fara sakin ƙarfi, sai faifan su daina kamawa sosai, su riƙa zamewa. Zamewa tana kawo zafi, zafi ya ƙara ƙona mai, ƙonannen mai ya ƙara zamewa. Haka take cin kanta a hankali.

Wanda yake tuƙa motar kullum ba zai kasa ji ba. Da safe ka sa D ko ribas, sai ta yi jim, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, kafin ta shiga, wani lokaci da bugu kamar an daki motar ta baya. Kana tafe za ta canja daga giya ta biyu zuwa ta uku, sai allurar inji ta yi sama ta dawo. Kan titi mai kyau, kana gudu matsakaici, sai ka ji karkarwa kamar ka hau burji. Wata rana ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi canjawa, ka kashe ka tayar ta koma daidai. Wannan ba aljanu ba ne, ƙwaƙwalwar motar ce ta ga matsala ta kulle giyar don ta kai ka gareji. Ga jan ɗigon mai a inda ka yi fakin. Ga fitila ta kama. Wanda ya tuƙa mota shekara biyu ya ce bai taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, sannan aka tarar da salatif a kan fitilarsa, to ya gaya mana wa ya liƙa.

Dabarun ma ba ɓoyayyu ba ne, duk wanda ya zauna a gareji ya gani. Ana zuba wani maganin kwalba mai kauri da ake sayarwa da sunan yana hana zamewa. Yana ɗan kumbura robobi, ya ƙara wa mai kauri, giya ta yi kamar ta warke na ɗan lokaci. Ba ya mayar da faiban da ya cinye. Ana cire kan batir ko a sa kwamfuta a goge laifuffukan da motar ta ajiye, fitila ta mutu har sai ta sake tara su. Sai kuma babbar dabarar, wato taƙaita gwaji. Giyar da faibanta suka cinye takan yi kyau kafin mai ya yi zafi, domin mai sanyi yana da kauri, yana riƙe ƙarfi. Sai an yi tafiyar rabin awa ko fiye, mai ya tsinke, sannan asiri ya tonu. Wata kuma akasin haka take, da sanyin safiya take gardama, in ta ɗumama ta saki jiki, irin wannan ita ce za ka zo ka tarar an riga an tayar an bar ta tana aiki wai ana cajin batir. Mai motar ya san wace iri ce tasa, kuma ya san lokacin da zai ce ka zo.

Saboda haka "ai ya gwada da kansa" ba hujja ba ce. Kai ka zaɓi lokacin gwajin, kai ka zaɓi hanyar, kana zaune a gefensa kana cewa mai ya yi tsada a juya haka nan.

Akwai masu cewa su ma haka aka sayar musu. Gaskiya ne, da yawanmu an cuce mu. Motocin da muke hawa, in ka cire ƙalilan, duk tokumbo ne. Wani ya ci ƙuruciyarsu a Amurka ko Kanada ko Turai kafin su hau jirgin ruwa zuwa Tin Can ko Kwatano. Kuma akwai abin da mutane da yawa ba sa lura da shi: motar Amurka da mil take ƙirga tafiya, ba da kilomita ba. Mil ɗaya ya haura kilomita ɗaya da rabi. In ka ga 180,000 a allo, motar ta yi kusan kilomita 290,000 ke nan. Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne, ka ga ta je Kano ta dawo sau 140 da ɗoriya tun kafin ka taɓa sitiyarinta. Wannan ma in ba a taɓa lambar ba, domin mayar da ita baya sana'a ce mai zaman kanta. Wasu motocin kuma tun daga kamfani giyarsu take da rauni. A 2004 Honda ta kira ɗimbin motocinta a Amurka, su Odyssey da Pilot da Accord mai silinda shida, saboda giya ta biyu da take ɗaukar zafi. Accord ɗin nan ita ce muke kira EOD muna rububinta. Duk wannan mun yarda. Amma wanda ya cuce ka yana can, ba ka san shi ba, ba za ka sake ganinsa ba. Wanda kai za ka cuta kuwa sahu ɗaya kuke sallah. In ɓarawo ya shiga ɗakinka, wannan bai ba ka izinin shiga ɗakin maƙwabcinka ba.

Akwai masu cewa kasuwa ce, kowa ya buɗe idonsa. Mun yi mamakin jin wannan daga bakin mutanen da suka yi karatun zaure. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye yana da damar mayar da kayan in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Ba mu ne za mu koya wa kowa wannan ba. Abin da za mu ƙara shi ne na zaman baƙunta. Mu a Legas ba mu da ƙasa, ba mu da gwamnati, ba mu da yawan da za mu yi tinƙaho da shi a kotu. Jarin da kakanninmu suka bar mana a Agege da Idi-Araba da Obalende shi ne a ce Malam ya faɗa, kuma haka ne. Da shi ake ba ɗan canji miliyoyi ba takarda. Da shi ake loda tirelar tumatir daga Kano zuwa Mile 12 a kan waya kawai. Yaron nan bai kira makanike ba, bai nemi takarda ba, domin a ganinsa rashin kunya ne ya binciki babba. Wannan kunyar aka yi amfani da ita aka yanke shi.

Dillalai ma ba mu cire su ba. A cikin shari'u ukun nan, biyu da dillali a tsakani, kuma duk biyun sun amsa cewa sun ji ƙishin-ƙishin motar tana da matsala. Suka ce su la'adarsu kawai suka ci. La'adar da aka ci a kan mota mai salatif a fitila, a je a tambayi malamai sunanta.

Yanzu bari mu juyo kan sauranmu, masu motocin da ba su kai ga mutuwa ba tukuna, domin rabin giyoyin nan mu muke kashe su da hannunmu.

Bahaushe zai canja baƙin mai duk wata, ya wanke mota kullum, ya sa turare, amma ka tambaye shi yaushe rabon a duba man giya, sai ya ce ai ba a canjawa. Wa ya gaya maka? Legas kuma ba ta raga wa giya. Gosulon Apapa zuwa Oshodi, ko na Third Mainland da yamma, awa biyu kana matsawa taku-taku da AC a kunne, wannan shi ne aikin da ya fi dafa man giya. Masu gyaran giya da yawa suna ba da shawarar kada a wuce kilomita 50,000 zuwa 60,000 a irin wannan yanayi ba a canja ba. Wanda yake Bolt ko Uber zai iya cin wannan a shekara ɗaya da 'yan watanni.

In an tashi canjawa kuma sai a aika yaro ya sayo "jan mai", wai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Tsofaffin Corolla da Camry irin Big Daddy suna shan wanda ake ce wa T-IV. Na bayansu, har da Muscle, WS suke sha. Honda tana da nata, da Z1 ne, yanzu DW-1. A motoci da yawa an rubuta sunan man a jikin sandar gwajinsa, ciro ka karanta. Mafi haɗari su ne masu giyar CVT, wadda ba ta da hawa-hawa, bel ne na ƙarfe tsakanin gargare biyu. Yawancin Corolla na Amurka daga 2014, da Accord mai silinda huɗu daga 2013, da yawancin Altima da Murano, CVT ne, kuma mansu daban ne kwata-kwata. Ka zuba musu jan man gargajiya, ka fara neman kuɗin wata giyar. Ga jabun mai kuma cike da kasuwa, galan ɗin na gaske ne, abin ciki Allah kaɗai ya sani. Araha ba ta ado.

Sai maganar lagireto, wadda mutane kaɗan ne suka san tana da alaƙa da giya. A yawancin motocin nan man giya yana bi ta wani bututu a cikin lagireto don ya huce. Mu kuma ɗabi'armu ce mu zuba ruwan famfo ko na leda a madadin ruwan sanyaya inji. Ruwan nan yana cin ƙarfe. Ranar da bututun ya huje, ruwa da mai su gauraya, ka ciro sanda ka ga abu kamar madarar da aka zuba wa zoɓo. Faiba ba ya jure ruwa, ɓarewa yake yi. Haka ma wanda ya kutsa cikin ambaliyar damina a Lekki ko Oshodi, ruwa ya kai rabin ƙofa, yakan shiga giya ta ƙofar shan iskarta. Ka fita lafiya, bayan wata guda ta fara zamewa, ka ce sammu ne.

Sauran kuma na tuƙi ne, kowa ya san kansa. Mai sa ribas mota ba ta gama tsayawa ba. Mai sakin ta firi a gangara wai yana adana fetur, sannan ya buga D tana cikin gudu. Mai loda buhunan albasa a Sienna har gindinta ya taɓa ƙasa. Mai ɗaure ta da igiya a ja ta daga Ikorodu zuwa Mushin, alhali in inji ba ya aiki famfon giya ma ba ya aiki, kayan ciki suna juyawa ne a bushe. Kuɗin janwe da ka guje wa za ka biya ninkinsa sau ashirin.

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a majalisa, cewa in ka canja wa tsohuwar mota man giya za ta mutu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Giyar da faibanta suka riga suka cinye, wani lokaci dattin da ke yawo a tsohon man ne yake ɗan taimaka mata ta kama, in an sa sabo sai zamewar ta fito fili. Amma ba sabon man ya kashe ta ba, gawa ce da ma ya yaye wa mayafi. In man naka ja ne ko ya ɗan yi ruwan ƙasa, ba ya warin ƙauri, canja shi. A kwance ƙusar ƙasa a zubar da abin da ya fito, wanda bai fi lita uku ko huɗu ba, a mayar da daidai wannan adadin, in akwai filta a canja, bayan 'yan makonni a maimaita. Abin da muke jan kunne a kansa shi ne injin nan da yake wanke giya da ƙarfi, a kan motar da ba a san tarihinta ba. In kuwa man baƙi ne yana ƙauri, ga garin ƙarfe, to canjin mai ya wuce, sai a yi maganar gaskiya.

Maganar gaskiyar kuma tana farawa ne da bincike, ba da kwancewa ba. Kada ka yarda makanike ya ce "giya ta tafi" alhali ko kwamfuta bai sa ba. Duk motar Amurka daga 1996 tana da wurin sa na'urar a ƙarƙashin sitiyari. Mun ga motocin da aka yanke wa hukuncin sabuwar giya, ashe ƙaramin solonoyid ne, ko na'urar auna gudu, ko waya da ɓera ya ci, ko mai ne kawai ya yi ƙasa saboda yoyo. Mun ga wadda inji ne yake tsallen filogi aka ɗora wa giya laifi. Ka nemi mai giya na musamman. Makaniken da ya iya inji ba lalle ne ya iya giya ba, kuma kaɗan ne za su ce maka ba su iya ba, sai su buɗe su yi maka gyaran gangar Auzinawa.

In ta tabbata ta tafi, abin da yawancinmu ke yi shi ne sayen giyar tokumbo a Ladipo ko Trade Fair. Babu laifi, amma a san cewa ita ma tsohuwa ce da aka ciro daga wata motar, ba wanda ya san tafiyar da ta yi. Ka je da makanikenka, a haɗa lambar giyar da taka, domin shekara ɗaya da suna ɗaya ba sa nufin giya ɗaya. A rubuta kwanakin garanti a rasit, kuma a ɗaura ta da wuri kada kwanakin su ƙare tana ajiye a gareji. A wanke bututan da ke zuwa lagireto, in lagireton ne ya jawo matsalar a canja shi, in ba haka ba dattin tsohuwar ko ruwan da ya kashe ta zai kashe sabuwar. A sa man da ya dace. A yi doguwar tafiya da ita cikin kwanakin garantin, kada a tsaya a zagayen unguwa. Akwai kuma masu kwance giyar su sa sababbin faiba da robobi. In ka samu gwani da kaya na gaske, wannan ya fi tokumbo kwanciyar hankali, sai dai gwanayen ba su da yawa. Wasu suna mayar da motar manuwal. Yana yiwuwa a kan irin su tsohuwar Corolla da Golf, amma aikin waya da ƙwaƙwalwa ne, in aka yi shi rabi-da-rabi ka sayi ciwon kai.

Mun san abin da ake ji. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi, giya ma haka. Mutum yana da haya, yana da kuɗin makaranta, a ce ya kawo kuɗin giya. Wani lokaci lissafin ba ya fita, musamman in jikin motar ya ruɓe, inji yana shan mai. Ba mu ce dole ka gyara ba. Sayar da ita. Amma ka buɗe baki ka ce giyarta tana zamewa in ta yi zafi, ga farashina. Akwai masu saye. Makanikai suna neman irinta su gyara su ci riba. 'Yan uwanmu masu yankan mota da 'yan gwangwan suna nan a Owode Onirin da sauran wurare. Za ka samu ƙasa da abin da kake so, wannan gaskiya ne. Bambancin da ke tsakanin wannan farashin da wanda za ka samu in ka yi shiru, shi ne daidai kuɗin da kake shirin zara daga aljihun wani. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, matuƙar an gaya masa rariya ce.

Kada a ɗauka muna magana ne daga saman bene. Motar ƙungiya, Sienna ɗin nan da ake kai marasa lafiya asibiti da ita, ake kuma raka gawa, mu ma mun yi sakaci da ita. Shekara huɗu ba wanda ya tuna da man giyarta. Da ta fara bugu a bara, a cikin kwamitin nan aka kawo shawarar a lallaɓa ta a sayar a ƙara kuɗi a sayi wata. Mun zauna mun saurara, wasunmu har sun gyaɗa kai. Ma'aji ne ya tambaya wa za a sayar wa, sai ɗakin ya yi tsit, domin kowa ya san amsar. Karo-karo aka yi aka sa mata wata giyar, rasit ɗin yana ofis ga mai son gani.

Ga masu niyyar saye kuma, kunya ba ta cikin ciniki. Ko yayanka ne yake sayarwa, tafi da makanikenka, ba nasa ba. Ka ce kana so ka tarar da motar a sanyaye, ka taɓa bonet ka tabbatar. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga fitilar inji ta kama, in ba ta kama ba akwai dalili. A sa kwamfuta, kuma a duba ko an goge laifuffuka kwanan nan, na'urar tana nunawa. Ka ciro sanda ka shinshina, ka goga a farin ƙyalle. Ka zuba mai da kuɗinka ka hau hanyar Ibadan, ka wuce Berger har Mowe ko Sagamu ka dawo, ka shiga gosulo da gangan. Lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17 kuma ana iya bincika tarihinta a intanet in daga Amurka ta zo, yaran nan masu waya sun iya. Mai motar da ya ƙi ɗaya daga cikin waɗannan ya riga ya ba ka amsa.

Abin da kwamiti ya tsayar, kuma za a gabatar a babban taro, shi ne duk cinikin mota tsakanin 'yan ƙungiya a rubuta shi a takardar da ofis zai bayar kyauta, da shaidu biyu. A takardar akwai wurin da mai sayarwa zai rubuta aibin da ya sani na inji da giya, ya sa hannu. Mai saye yana da kwana bakwai, in aibin da aka ɓoye ya fito kuma makanike biyu sun tabbatar tsoho ne, ciniki ya warware. Wanda ya ƙi takarda ya yi cinikinsa a waje, in ta ɓaci kada ya zo ofis. Wanda aka kama da ɓoyewa kuwa, ƙungiya ba za ta sake tsaya masa a wurin 'yan sanda ko a fadar Sarkin Hausawa ba, kuma dillalin da ya sani zai mayar da la'ada. Wasu dattawa sun ce kwana bakwai ya yi yawa, uku ya isa. A zo a faɗa a taro.

Game da matashin nan, mai sayarwar ya amince zai biya rabin kuɗin giyar. Kwamiti bai karɓa ba, mun ce ko ya biya duka har da janwe, ko ya karɓi motarsa ya mayar da kuɗi. An ba shi zuwa ƙarshen wata. Motar tana Mokwa har yanzu, yaron kuma ya koma Keke Napep na haya.

Taro ranar Lahadi ne bayan La'asar, a inda aka saba. Masu gareji da dillalan mota na cikinmu, muna roƙon kada wanda ya aiko da wakili.

Sakatare